Inna ta gaji da zama: wane aikin hannu ne ya dace da tsofaffi a wannan kaka?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Wata biyar ke nan da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu ta wajen Malumfashi zuwa nan Kaduna saboda ciwon gwiwa, don ta riƙa ganin likita. Ta haura saba'in. Da damina ba ta cika ƙorafi ba, amma tun da ruwa ya ɗauke iska ta juya, sai ta koma ba ta da zance sai na gida. Kullum tana lissafi: yanzu an gama yankan gero, yanzu ana cirar gyaɗa, saura dawa. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar ta baje shinkafa a tire tana tsinta, alhali shinkafar nan ko tsakuwa ɗaya babu, kuma 'yar aikina ta ce karo na biyu ke nan tana tsince ta. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi hawaye. Idonta da sauƙi, tana gani, sai dai yatsun hannun dama kan sandare da safe. Wane aikin hannu mara wahala zan samo mata wanda za ta yi a zaune? Don Allah waɗanda ke zaune da iyayensu ku taimaka.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki samo mata kaba kawai. Duk matar da ta tashi a ƙauye a zamaninsu ta iya faifai, ko ta ce ta manta hannunta bai manta ba.

Baban Walid: Ni dai Maman Sadik ban goyi bayan wannan ba. Baiwar Allah ta yi shekara hamsin tana surfe da daka da ɗibar ruwa, yanzu da Allah ya kawo ta inda za ta miƙe ƙafa sai a ce a nemo mata aiki? Baƙi su shigo su ga uwar mai gida da tulin kaba a gaba, me za su ɗauka? Ki saya mata rediyo mai kyau, ki sa mata karatu da wa'azi, ta ja carbinta. Hutu ne ya kamace ta.

Maman Sadik: Rediyo har biyu gare ta, Baban Walid. Carbi kuwa ba ya barin hannunta. Amma yini dogo ne.

Ummu Aiman: Bari in ba ku labarin yadda ake yi a nan. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Mancesta, Ingila. Lokacin kaka a nan yana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa su yi ja da ruwan ɗorawa su zube. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, to daga nan kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, ga sanyi, tsofaffi ba sa iya fita lambu. Shi ya sa ake ƙara yawan aikin hannu a wannan lokaci. Muna da ma'aikaciya wadda aikinta ke nan, tsara abin da za su yi kowace rana.

Abin da aka fi yi: mu tsinto ganyaye masu kyau, a danne su cikin littafi mai nauyi kamar mako biyu su bushe a shimfiɗe, sai a liƙa a kati a aika wa jikoki. Ko a yanka kwali kamar zobe a liƙa ganyen a kewaye a rataye a ƙofa. Ƙarshen Oktoba suna da bikin da ake fafe kabewa a yi mata ido da baki, amma mu ba ma ba su wuƙa, fenti ake ba su su shafa. Masu saƙa kuma suna saƙa jajayen furanni na ulu saboda ranar 11 ga Nuwamba da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi.

Abin da na koya wanda zai yi miki amfani: aiki ya zama wanda ake ganin ƙarshensa a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce minti talatin zuwa arba'in ba a huta ba, kuma ke ki yi ɓangaren da ke buƙatar ƙarfin yatsa ki bar mata sauran.

Ɗan Funtuwa: Anti Ummu Aiman, ki rufa mana asiri. Ki kai wa tsohuwar Malumfashi busasshen ganyen darbejiya da gam ki ce ta liƙa a takarda? Cewa za ta yi a kira mai ruƙiyya, 'yarta ta samu matsala. Kabewa kuma a shafa mata fenti, ga miyar taushe na jira!

Ummu Aiman: Ɗan Funtuwa ka ba ni dariya, kuma gaskiya ka faɗa. Ai ko a nan ba kowa ke so ba. Akwai wani dattijo da ya yi aikin kafinta duk rayuwarsa, ranar da aka miƙa masa ganye da gam ture tiren ya yi ya ce shi ba ɗan nazare ba ne. Da aka kawo masa katako da takardar goge itace ya gyara akwatin da ake zuba wa tsuntsaye abinci, sai da aka roƙe shi ya tashi cin abinci. Ni ban ce a kwafo namu ba, dabarar nake nufi.

Hajiya Malama: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ni shekarata 68, na yi shekara 35 ina koyarwa kafin in yi ritaya, saboda haka bari in yi magana da bakin waɗanda kuke magana a kansu.

Baban Walid, ɗana, niyyarka mai kyau ce amma ba ka san zafin abin ba. Ranar da 'ya'yanka suka fara ce maka "Baba bari, zauna, kar ka taɓa", ranar za ka gane. Ka tashi da asuba ka yi salla ka yi lazimi, rana ta fito, kowa ya kama gabansa, kai kuma ba wanda ke jiran komai daga hannunka har dare. Wannan ba hutu ba ne. Da zaman banza gara aikin kishiya, iyayenmu ba su faɗi haka a banza ba.

Ke kuma Maman Sadik, ga inda za ki yi kuskure in ba ki kula ba. Kada ki je ki ce "Inna ga wannan ki rage zaman kaɗaici." Za ta ji kamar kin ba yaro abin wasa don ya yi shiru. Mu a wurinmu aikin hannu sai in yana da inda za shi. Faifai na rufe ƙwaryar fura ne, mafici na fifita ne, igiya ta ɗaure akuya ce. Ki nemi abin da gidanki ke buƙata da gaske, ko abin da za a kai wa wani, ki roƙe ta. Kuma kada ki yi mata ƙarya, tsoho na gane ƙarya tun kafin a rufe baki. Ba ki da wata 'yar'uwa da za a aurar nan kusa?

Maman Sadik: Hajiya kamar kin sani. 'Yar yayana za a ɗaura wa aure bayan sabuwar shekara.

Hajiya Malama: To shi ke nan. Fayafayan jere. Ki ce kina so a ga na hannun kakarta a cikin kayan ɗakinta, ba na kasuwa kaɗai ba. In ma amaryar 'yar zamani ce ba ta rufe ƙwarya, ta rataye a bango, ai yanzu har a otal-otal ana yin ado da su.

Bamaraɗe: Gaisuwa daga Maraɗi. Zancen kaba kun taɓo namu. A nan jiharmu akwai kwarin da sunansa ma Gulbin Kaba, ya bi ta ƙasar Mayahi, kuma mata da yawa can da tabarma da faifai suka dogara in an gama aikin gona. Ga wanda bai sani ba, kaba ganyen goruba ce tun tana ƙarama ba ta yi tsawo ba. Abin da nika son in gaya miki, 'yar'uwa: kada ki sayi wadda ta daɗe a rana har ta yi fari fat tana karyewa. Ki lanƙwasa ɗaya a hannu, in ta tsage ki bar ta. In kin kawo gida a yayyafa mata ruwa a naɗe cikin tsumma mai laima tun dare, da safe ta yi laushi, tsagawa ba wuya. Ga mai ciwon yatsu wannan shi ne rabin aikin. Rini kuwa, galura ta kasuwa ta fi sauri, a tafasa ruwa a zuba a tsoma kabar. Amma tsofaffinmu ja da karan dafi suka saba yi, wata irin dawa ce da ake nomawa don jan da ke jikin kararta, ita ce dukawa ke rina fata da ita. Yanzu da kaka ake samunta sabuwa.

Uwar Biyu: Ƙari a kan na Bamaraɗe. Wurin da ya fi wuya a faifai shi ne farawa, wannan ɗan ƙullin na tsakiya, don sai an matse sosai. In an yi zagaye uku ko huɗu sauran bi ne kawai: a riƙe damin tsinkayen ciyawa, a naɗa kaba, a huda zagayen baya da basilla a zaro. Ki nemi wata ta fara mata guda biyar ko shida ta ajiye. Kuma a naɗa tsumma ko roba a gindin basillar ta yi kauri, ta fi daɗin riƙo.

Malam Na Zariya: Ni abin da ya zo mini a rai kaɗi ne. Kun manta cewa a ƙasar Hausa babu sana'ar da aka fi sanin tsofaffin mata da ita kamar kaɗi? Kuma Inna 'yar ƙasar auduga ce, Malumfashi da Funtuwa da Bakori ai nan ne gidan auduga, daga Nuwamba ake fara tsinta. Kakata na yi wayo na same ta da kayanta cikin ɗan lefe: dutsen gurza da ɗan ƙarfen da take murza audugar ta fitar da angurya, bakan shiɓa, mazari, da alli da take shafa wa yatsu don kada zare ya zame. Tana kaɗi tana ba mu tatsuniya, ko kallon hannun ba ta yi. Siririn zare daban, abawa mai kauri daban, ranar kasuwa a kai wa masaƙa.

Kada ku raina wannan aiki. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin a kan tufafin da ake saƙawa ake rinawa yake, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. To duk wannan zaren daga ina ya fito? Daga mazarin mata a cikin gidaje, ɗaya bayan ɗaya. Zaren kanti ne ya zo ya kashe kasuwar.

Ɗan Funtuwa: Malam, tarihi ya yi daɗi, amma in ta kaɗa zaren wa zai saya? A Kaduna ina za ta ga masaƙi? Kada a bar ta da tulin abawa tana kallo, wannan ya fi zaman banzan ciwo.

Malam Na Zariya: Wannan kuma gaskiya ne. Sai dai in akwai mai zuwa ƙauye ya kai. Har yanzu ana samun masu saƙar gwado nan da can, amma ba kamar da ba.

Nas Maijidda: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Motsa yatsu a hankali yana taimaka wa mai ciwon gaɓɓai, barin su haka nan ne ke ƙara sandarar da su. Tunda da safe ne suke ƙagewa, ta tsoma hannun a ruwan ɗumi kamar minti goma, kuma ta bari sai hantsi ta fara. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ranar a huta. Kada ta zauna a tabarma ta sunkuya awa biyu da wannan gwiwar. Kujera mai majingina, tire a cinya, a bakin taga ko baranda inda haske yake. In tana da asma ko tari, a bar zancen shiɓar auduga, ƙurar ba ta da kyau, ga hunturu na tafe da tasa ƙurar.

Babban gargaɗina ga masu iyaye masu ciwon suga: ku yi hankali da karan dawa da basilla. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, kuma wasu masu suga ba sa jin yanka a yatsa ko a ƙafa sai ya rure. A riƙa duba hannunsu da yamma, a share guntayen kara daga inda suke takawa.

Abban Fati: Duk kun tafi kan mata. Mu masu tsofaffi maza fa? Mahaifina shekara 80, yana gida a Gumel, ba ya iya zuwa gona yanzu. Abin da ke riƙe shi da kaka shi ne rama. In an yanko ta a jiƙa a kududdufi kwanaki har ɓawon ya saki, yara su ɗaye su wanke su shanya, shi kuma ya zauna a zaure yana tufka. Duk igiyar da ake ɗaure dabbobin gidanmu shi ya tufka ta, kuma in ka sayo ta roba a kasuwa ranka zai ɓaci. Da yana saƙar zana in an yanko gamba, amma wannan sai da sunkuyo da jan ƙarfi, mun hana shi. Ya yi fushi kwana biyu ya haƙura.

Wani abu kuma da ban yi zato ba: jikokinsa suka kawo masa kara wai ya gyara musu motar da suke yi. Ashe gwani ne. Ya fere ɓawon ya yi sirara, ya yanka totuwar ciki, ya haɗa musu mota har da ƙofa mai buɗewa, ya yi kejin tsuntsu. Yanzu bayan la'asar zauren cike yake da yaran unguwa.

Uwar Biyu: Allah sarki. Namu tsohon kuma carbi yake shiryawa. Duk wanda nasa ya tsinke a masallacin unguwa shi ake kawo wa. Sai dai zura zare a allura, wannan jikarsa ke yi masa.

Baban Walid: Na karanta duka, musamman na Hajiya Malama, kuma na karɓi gyara a kan rabin maganata. Amma rabin na nan. Na san gidan da aka fara da "Inna ɗan taya mu ɓarar gyaɗa ki motsa hannu", aka wayi gari duk kaka buhu-buhu ake jibge mata, da yankan kuɓewar shanyawa, da tsinkar zoɓo, matar gidan na sayarwa tana sa kuɗin a jaka. In za a yi, a yi don ita. Ranar da ta ce ta gaji, kada wanda ya ce saura kaɗan.

Hajiya Malama: Wannan ka yi gaskiya, kuma ba a gida ɗaya ba. Ni ƙa'idata, in an sayar da abin da tsohuwa ta yi, kuɗin a damƙa mata a hannu ko naira nawa ne. Kun san daɗin da ke cikin jika ya shigo gaisuwa ka kwance bakin zane ka ba shi na alewa daga guminka? Ɗiyata tana turo mini kuɗi duk wata, Allah ya yi mata albarka, amma na hulunan sanyi da nake saƙa wa jarirai da kwarashi daban nake ajiye su. Yanzu ma lokacinsu ne, kafin Disamba duk mai jego na nema.

Ummu Aiman: Hajiya wallahi da ma ku ne ke ba mu horo a wurin aiki. Mu a nan katunan da suke yi rabinsu a kwandon shara suke ƙarewa bayan sati biyu, kuma suna lura.

Ɗan Funtuwa: Ba wanda ya ambaci ƙwarya. In duma ya bushe aka fafe, ai zanen ƙwarya ma aikin zaune ne.

Nas Maijidda: Da wuƙar da ake sa wa a wuta ta yi ja? Ga mai rawar hannu? A'a Ɗan Funtuwa, wannan a bar wa masu shi. In dai kankare ciki ne da wankewa, to.

Maman Sadik: 'Yan'uwa na dawo da labari, yau sati uku. Na bi shawarar Hajiya Malama, na ce mata ina so a sa fayafayan hannunta a kayan jikarta. Ta yi shiru, ta ce ita rabonta da faifai tun kafin a haifi autanmu. Na dai sayo kaba a kasuwa na ajiye a baranda ban ƙara cewa komai ba.

Washegari na dawo na tarar ta zazzage damin duka ta ware gida biyu. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba ta ce, "Wa ya sayar miki da wannan? An cuce ki. Rabi duk ta ƙone a rana." Bamaraɗe, ka yi mini bayani amma ban iya zaɓe ba. Galurar da na sayo ma ta ce jan ya yi ihu da yawa. Ta sa na kira ƙanena a gida, ta karɓi wayar da kanta, ta yi masa kwatancen matar da zai je wurinta ya karɓo kaba da karan dafi, ya ba direban motar kasuwa. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka tun rasuwar Baba.

Maganar a fara mata tsakiya kuwa, na gwada, na kai wa wata maƙwabciya ta fara guda biyu. Inna ta juya su ta warware, ta ce wannan ba zai zauna daidai a bakin ƙwarya ba. Da kanta take farawa, sai dai yana cin ta yini guda, kuma ruwan ɗumin Nas Maijidda ya zama dole kullum da hantsi. Ta gama biyu, tana kan na uku. Rannan yatsan tsakiya ya kumbura, na ɓoye basillar kwana biyu, muka yi 'yar rigima.

Matsalar da ban hango ba: ta kama 'yata mai shekara 11 wai sai ta koya, yarinya kuma da ta dawo daga Islamiyya ga aikin gida na boko. Jiya har da kuka, don an sa ta warware zagaye huɗu.

Hajiya Malama: Ki bar su. Ki dai roƙi Inna a mayar da darasin Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya. Warwara kuwa ni ma an sa ni, har da rankwashi.

Baban Walid: Ma sha Allah. A gaishe da Inna. In ta gama na amarya, a tambaye ta nawa za ta yi mini guda biyu, uwargida na so. Kuma ita za ta yanka kuɗin, ba ke ba.

Maman Sadik: Na gaya mata. Ta ce ka bi layi, akwai mutum uku a gabanka, kuma ba ta karɓar taransifa.

Malam Na Zariya: Maman Sadik, tunda wayar gida ta buɗe, don Allah ki tambaye ta ko mazarinta na nan. In yana nan a haɗo da shi a motar kasuwa ta gaba, audugar bana ta kusa fitowa. Ni zan nemo masaƙin.